Albasar da Ta Bugu

Shekara goma sha tara ina tsintar albasa
a tashar Tawa, ƙarƙashin rumfar Alhaji Abarshi.
Yatsana ya san ruɓa tun ido bai gani ba:
matsa wuyanta, in ta yi laushi, jefa ta gefe.

Wani yaro ya taɓa tambayata,
baƙin garin nan daga ina yake zuwa?
Na ce ba zuwa yake ba, yana nan.
Yana cikin iska, cikin buhu, cikin karan rudu,
zaune kamar mai bin bashi a ƙofar gida.
Albasa mai lafiya, ɓawonta a rufe,
sai ya kwana a kanta ya tashi da yunwa.
Wadda ta bugu a mota yake jira.

Ashe karatun kaina nake biya wa yaron.

Da damina ya fara, a hammata,
zagaye ɗaya, bai kai faɗin dala ba.
Na ce makero ne, na yara, zai wuce.
Kafin hatsi ya yi kai ya haura wuya,
ya sauka matsematsi, ya shiga tsakanin yatsu,
farcen babban yatsana ya yi kauri
ya koma launin tsohon ƙaho.
Dare ya zama na susa.
Na sosa da tsinke, na sosa da bakin murfin galan,
har zanen gado ya san jinina.

A kasuwa mai tebur ya miƙo min wani mai,
jika ɗaya da rabi, ya rantse da kabarin uwarsa.
Kwana uku ƙaiƙayi ya yi shiru.
Ran na goma sai ga zagayen ya haifi ƴaƴa.

Lokotoro ba ta ɗaga murya ba.
Ta kankare ɗan gari daga bayana bisa gilashi,
ta leƙa na'ura, ta daɗe,
sannan ta dube ni, ba fatar ba, ni:
Nomau, wata nawa rabonka da karɓar ƙwayoyinka?

Biyar.
Na ce hanya ta yanke. Ƙarya ne.
Maƙwabcina na hango a layi ranar nan,
na juya da keke kamar na yi mantuwa.

Ta ce wannan abu ba jarumi ba ne.
Yana jikin kowa, har ni da nake maka magana.
Masu gadin jininka ne suka ragu,
shi ko ya ga ƙofa ba sakata.
Ta ajiye man kasuwa cikin kwandon shara
da yatsa biyu, kamar mataccen ɓera.

Yanzu Habsu ƙanwata ke shafa min baya,
safe da magariba, inda hannuna ba ya kai.
Tana tafasa rigunana, ta shanya su a rana tsaka,
ta hana ni rigar leda ta ƴan ƙwallo,
ta ce sai auduga, sai iska.
Ba ta taɓa tambayata ina na samo ba.
Tambayarta ɗaya: ka sha?

A masallaci akwai mai ba ni yatsa biyu maimakon hannu.
Ban yi fushi ba.
Ni ma na jefar da dubbai gefe
ban tsaya na tambayi wace mota ta buge su ba.

Wata na uku ke nan.
Gefen zagayen ya daina ja, tsakiya ta yi fari,
farcen kuwa an ce sai shekara,
shi ba ya gaggawa.

Jiya na koma rumfa.
Wata ta zo hannuna, wuyanta da ɗan laushi,
cikinta da sauran ƙarfi.
Na ɓare ɓawo biyu, na aza ta a inuwa
inda iska ke ratsawa.
Alhaji ya ce, ɓata lokaci kake, Nomau.
Na ce bar ta dai zuwa Juma'a.